Ranar da Hausar Anti Fulera Ta Gyaru

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Maamobi ta birnin Accra ya san muryar Anti Fulera tun kafin ya san fuskarta. Murya ce mai kauri, da ɗan gurzawa a ƙasanta kamar ana jan benci a kan siminti, kuma ba ta faɗin magana mai nauyi sai ta fara yin wani ɗan gajeren tari. Yara na kwaikwayon tarin in sun tabbata ta yi nisa.

A Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da Maamobi, aka haife ta. Ubanta mutumin Bawku ne, can arewa, gadi yake yi a gidajen unguwar Kanda. Uwarta 'yar ƙabilar Kotokoli ce mai sayar da koko. Shi ba ya jin yaren matarsa, ita ba ta jin nasa, sai suka haɗu a kan Hausar Zango, wadda komai a cikinta namiji ne: mota ya zo, kasuwa ya tashi, amarya ya yi kyau. Da wannan Hausar Fulera ta buɗe baki. Tun tana 'yar mitsitsiya ita ake ba goro a aika ta gida gida ta sanar da suna ko ɗaurin aure, domin idan ta tsaya a bakin layi ta ɗaga murya, an huta da shiga sauran gidajen. Karatun boko bai kama ta ba. Da uwarsu ta rasu ta gaji tukunyar koko da kaskon ƙosai, ta gaji kuma autan gidan, Mashud, wanda a bayanta ya yi wayo. Aurenta bai daɗe ba mijin ya rasu, ba ta kuma sake yi ba. Mashud ya girma ya zama direban babbar mota, yana ɗauko albasa daga Nijar zuwa Accra.

Teburinta yana ƙofar gidan Alhaji Abdul-Mumin, wani dillalin albasa mutumin Nijar da direbobi ke sauka a wurinsa. Duk wanda ya sauko daga arewa, a bencinta yake fara zama. Yana shan koko yana zuba labarin hanya: inda gada ta karye, inda aka ƙara shinge, garin da ba a kwana. Can sai matan waɗanda ba su dawo ba su zo tambaya. A haka labarin hanya ya koma hannunta ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

Da wayoyin shafa suka cika gari, Mubashir, mai gyaran waya a bakin titin Nima, ya koya mata abu guda: ta danna, ta yi magana, ta saki. Ya sa ta cikin zauren hira na waya na direbobin albasa. Kullum in ta sauke kasko sai ta goge hannu a zane, ta yi tarinta, ta faɗa musu abin da ta ji. Da farko labarin ramuka ne da farashin mai. Da mutanen daji masu bindiga suka fara tare hanyoyin da ke gaba da iyaka, sai ya koma labarin rai. Rediyo na makara, jita-jita kuwa ta fi ƙura yawa. Direban da zai kwana a mota a ƙasar mutane ya kan ce shi ba zai taka giya ba sai ya ji Anti Fulera.

Alhaji Abdul-Mumin kuwa shekara da shekaru yana fama da ita a kan abu ɗaya.

"Fulera, don Allah ki ji tausayin kunnena. Hanya mace ce. Ta buɗe ake cewa, ba ya buɗe ba."

"Hanya mace ne, Alhaji? To wa ya aure shi?"

"Kin ji ko! Har a tambayar kin sake."

"In mace ne ka kai masa sadaki. Ni dai na san direbobinka suna gane ni. Ƙosai nawa zan sa maka?"

Direbobi su yi ta dariya, shi kuma ya girgiza kai ya karɓi ƙosansa. Gobe a sake.

A lokacin da abin ya faru, Mashud yana cikin jerin motocin da suka tsaya a wani gari da direbobi ke kira Mararrabar Sambo, can gaba da iyaka. A nan ake jiran sojojin rakiya, domin babu mai wuce wannan yankin shi kaɗai. Jiran ya yi tsawo. Albasa ta fara zufa a cikin buhu, masu kaya suna ta bugo waya, kowa ransa a ɓace.

Da safen ranar Fulera na tsakiyar suya sai ga Alhaji ya fito yana fara'a, wayarsa a hannu.

"Alhamdulillahi! Ashe zan ga wannan rana kafin in mutu. Fulera, wa ya koya miki?"

"Koya mini mene?"

"Hausa mana! Tun daga sallama har ƙarshe ba tuntuɓe. Na ce wa Hajiya yau sai na yi sadaka."

"Alhaji, mai yana ƙona mini ƙosai. In wasa ne ka bari sai anjima."

"Saƙonki na asuba nake nufi. Fatawu ne ya turo mini daga Mararraba, ya ce za su tashi."

Ta tsaya da matsami a hannu. Fatawu abokin Mashud ne, motarsa na bayan ta Mashud a jerin.

"Ni ban taɓa waya ba yau. Ga shi can cikin roba."

Alhaji ya danna. Sai muryarta ta fito daga tafin hannunsa.

"Assalamu alaikum 'yan'uwana direbobi, Fulera ce daga Maamobi." Ga ɗan tarin nan, daidai inda take yin sa. "Wayata ta lalace, wannan sabuwar lambata ce. Ku da ke Mararrabar Sambo, kada ku ƙara jiran rakiya, ba za ta zo ba. Hanyar Kurmin Dogo ta buɗe. Mota ta wuce jiya lafiya lau. Ku tashi kafin rana ta yi zafi."

Matsamin ya faɗa cikin mai. Ba ta ma ji inda ya fallatsar mata a hannu ba. Kurmin Dogo! Hanyar da ita da bakinta ta yi wata da watanni tana cewa ko akuya kada a bi da ita. Ta ji gurzawar nan ta maƙogwaronta, ta ji yadda take jan "alaikum", har numfashin da take ja kafin ta ambaci sunan gari. Ta kai hannu ta dafa wuyanta kamar mai duba ko yana nan.

"Ba ni ba ne," ta ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama, ta waya ta fi ta kama da Fulera. "Alhaji, wallahi tallahi ba ni ba ne."

Fara'ar ta bar fuskar Alhaji a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zaro wayarta da hannu mai maiƙo, ta kira Mashud. Ba ta shiga. Ta kira Fatawu. Ba ta shiga. Ta danna ta yi ihu a zauren: kada kowa ya tashi, ƙarya ne, ba ita ba ce, wayarta lafiyarta ƙalau. Direbobin da ke Accra da Kumasi suka ji nan take, suka fara bugowa. Na Mararraba kuwa ko ɗaya saƙon bai kai gare shi ba.

Ta bar kasko a kan wuta. Wata maƙwabciya ce ta sauke. Ba ta tsaya jiran trotro, motar haya, ba, da ƙafa ta ratsa lunguna har rumfar Mubashir, ɗankwali a hannu, Alhaji na haki a bayanta.

Mubashir ya sa abin sauraro a kunne ya ji, ya sake ji. Ya cire ya ajiye a hankali.

"Anti, muryanki ne."

"Na ce maka ba ni ba ne!"

"Na yarda. Amma muryanki ne. Saƙo nawa kika tura a zauren nan tun da na sa ki? Duk wanda yana ciki zai iya kwashe su. Akwai na'ura da ake ba shi muryan mutum ya sha, kamar soso. In ya ƙoshi, sai ka rubuta abin da kake so, shi kuma ya faɗa da bakin mutumin."

"Har tari?"

"Har tari, Anti."

"To me ya sa wayan Mashud ba ya shiga?"

Mubashir ya kalli Alhaji kafin ya amsa. "Ina jin sun bari saƙon ya shiga tukuna, sannan suka kashe ƙarfen sabis na wajen. Don kada na gaskiya ya biyo baya."

Ta zauna a kan wani tsohon akwatin talabijin. Ita a saninta yaƙi abu ne na can nesa, mai bindiga da hayaƙi, abin da direbobi ke ba da labarinsa suna rage murya. Ba ta taɓa zaton yana da hanyar da zai bi ya zo Maamobi ba, balle ya shiga robar da take ajiye canji, ya ari maƙogwaronta ya koma da shi.

"Su waye ma suka san ni?" ta ce. "Ni mai koko?"

"Wanda duk yake son motocin nan ya san ki," in ji Alhaji. "Sun duba wa direbobi ke ji, ba su ga soja ba, ba su ga gwamna ba. Ke suka gani."

Mubashir ya ce amma ai wanda ya rubuta maganar bai san Zango ba. Hausar littafi ya zuba. Alhaji ya ce shi ma abin da ya fara ji ke nan. Fulera ta sa aka sake kunna mata. Sai a lokacin ta ji: ta lalace, ta buɗe, ta wuce. Ita kanta da farko ba ta lura ba, muryar ce ta cika mata kunne. To in ita ba ta lura ba, ina ga mutumin da ya gaji da kwanan mota, kayansa na ruɓewa a bayansa?

Kafin azahar labari ya gama Maamobi da Nima. Wadia, matar Fatawu, ta zo da goyo a baya ta tsaya a gaban teburin.

"Anti, ke kika ce su tashi."

"Wadia, ki zauna in..."

"Na ji da kunnena! Mijina ya turo mini, ya ce Anti ya ce hanya ya yi kyau, in dafa masa tuwo ran Juma'a. Yanzu kuma kin ce ba ke ba ne. Wanne zan ɗauka? Fulera nawa ne a garin nan?"

Duk abin da Fulera za ta faɗa, da muryar nan za ta faɗe shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta hura wuta ba. Tana zama a bencin direbobi da waya a cinya, in ta yi ƙara gabanta ya faɗi. Masu wucewa na gaishe ta, wasu kuma su sauya layi. Wata tsohuwa ta ce aikin aljanu ne, a yi mata rubutu ta sha. Abin da ke cin ta ɗaya ne: idan Mashud ya bi Kurmin Dogo, to ita ya bi. Yaron da tun yana rarrafe in ta ce zo yake zuwa.

Ran Juma'a da hantsi wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Yaya."

Ta miƙe tsaye. Sai kuma ta tuna yanzu ana aron murya.

"Yaya, ni ne. Kina ji na?"

"In kai ne," ta ce, "me ka fasa ranan sunan ɗan Anti Abibatu?"

Sai ya fashe da dariya mai haɗe da kuka. "Ei, Yaya! Ba ni na fasa ba, ke kika ture ni na faɗa kan tulun. Har yau ba ki yarda ba?"

Ta zauna a ƙasa. Alhaji ya fito da gudu ba takalmi, ta sa wayar a fili don ya ji.

Mashud ya ce a kan wani tudu yake, da wayar wani mai shayi, nan kaɗai ake samun sabis. Ya ce da saƙon ya shigo kowa ya yi murna, har shi ma ya tayar da mota.

"Na sa giya ke nan sai abin ya tsaya mini a kunne. Na sake kunnawa. Hanya ta buɗe. Na ce cale, anya Yayana ne? Matan da ko uwan mijinsa bai taɓa ce masa 'ta' ba? Alhaji ya yi shekaru yana fama ya kasa, sai dare ɗaya? Na kashe mota."

"Sauran fa?" in ji Alhaji.

"Na bi su mota mota. Wasu sun ji. Fatawu ya ce mini, albasa yana ruɓewa kai kana nahawu. Ya ce ga tari ma ka ji. Na riƙe ƙofan motansa, Yaya, ya ɓamɓare hannuna."

Kusan rabin jerin suka tafi. Wani yaron mota da ya tsere ya dawo a ƙafa shi ya ba da labari: wani ɗan abu mai ƙugi kamar babban ƙuda ya bi su a sama tun daga fita gari, da suka kai gadar Kurmin Dogo kuma suka tarar ana jiran su. Ko harbi ɗaya ba a yi ba. An kwashe motoci da mai, an shiga daji da direbobin.

Fulera ta goge fuska. Ta ce, "Mashud, ka ji abin da zan faɗa maka, shi ne na ƙarshe. Daga yau kome ka ji da muryana a waya, ko ina kuka, ko na ce ina mutuwa, kada ka motsa. Sai ka ga sojan rakiya da idonka."

"Ko ke ne da gaske?"

"Ko ni ne."

Alhaji bai yi shawara da kowa ba. Murna da son wanke ta suka ɗebe shi, bayan an sauko daga masallaci ya shiga zauren ya yi dogon jawabi. Ya ce jama'a su shaida Fulera ba ta da laifi, ga hujja: ita ba ta cewa 'ta', komai 'ya' take cewa, duk saƙon da aka ji da Hausa mai kyau na ƙarya ne. Mutane suka yi ta tura wa juna. Waɗanda suka sauya layi suka dawo suna ba ta haƙuri.

Mubashir da ya ji sai ya dafe kai. "Alhaji, a zauren? Ai masu satan muryan suna ciki!"

Ba a yi mako ba sabon saƙo ya fito, daga wata lambar. Fulera na zuba wa wani koko aka kunna mata.

"Salamalekum 'yan'uwa, Fulera ne. Wancan na farko ƙarya ne kraa, tsagwaronsa, kun ji Alhaji ya faɗa. Wannan ni ne. Mashud, ƙanina, kana ji na? Rakiya ba zai zo ba. Hanyan gabas ya buɗe, mota ya wuce jiya. Ka taso, ina jiranka."

Ludayin ya tsaya a sama, koko na zuba a ƙasa. Wannan karon ko ita ba ta da abin da za ta nuna ta ce ga inda aka yi kuskure. Har sunansa sun sani. Alhaji ya zauna a bakin dakali ya cire hula.

Ta miƙa wa Mubashir wayar ta ce ya fitar da ita daga zauren, ya goge duk abin da ta taɓa faɗa. Ya ce na wayarta kaɗai zai iya gogewa. Ta ce ya goge hakanan.

Ba ta da hanyar sanin ko Mashud ya ji, ko kuma in ya ji zai iya toshe kunne daga muryar da ta yi masa waƙar barci. Jira kawai ta yi. A cikin jiran ne Wadia ta dawo, wannan karon ba faɗa. Ta miƙo waya: muryar Fatawu ce, yana cewa yana raye, a yi masa addu'a.

"Anti, ke kin san murya. Shi ne?"

Fulera ta saurara har ƙarshe. Ta so ƙwarai ta ce shi ne.

"Ban sani ba, Wadia."

Wadia ta karɓi wayarta ta manna a ƙirji ta tafi. Har yau tana kunna saƙon, har yau kuma Fatawu bai dawo ba.

Mashud ya iso wata safiya, bayan rakiya ta zo ta fitar da su. Albasar tun a hanya aka zubar da fiye da rabi, sauran ma warinta ya riga motar isowa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Fulera na juya ƙosai ta ɗago ta gan shi tsaye a gaban teburin, ya zuba mata ido.

"Ka ji na biyun?" ta ce.

"Na ji. Har na kai hannu kan makulli." Ya dafa teburin. "Mai shayi ne ya riƙe mini shi har gari ya waye. Ni na ba shi, na ce ko na yi kuka kada ya ba ni."

"Ka yi kukan?"

"Paa, sosai."

Ta ɗauko kofi za ta juya ta zuba masa, ya ce a'a, ta tsaya tukuna.

"Yi magana, Yaya. Ina so in ga bakinki yana motsi."

"Me zan ce?"

"Kome."

Ta yi ɗan tarinta. "Koko ya huce. Zauna in ɗumama maka."

Yanzu Anti Fulera ba ta tura saƙo. Direban da ke son labarin hanya sai ya zo benci ya zauna, ya kalle ta ta faɗa masa. Wanda ke nesa kuwa sai haƙuri. In akwai suna ko rasuwa, tana ɗaura goro a gefen zane ta bi gida gida kamar tana yarinya, gwiwa na ciwo. Ana cewa muryarta na nan tana yawo a wayoyin arewa, tana buɗe hanyoyin da ba ta taɓa gani ba. Alhaji Abdul-Mumin yana fitowa kullum ya karɓi ƙosansa. Tun daga ranar bai sake gyara mata Hausa ba.